Thoreau a Bakin Tafkin Walden: Gudun Duniya ko Lissafin Rayuwa?

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce ta gabatar wa malamai da 'yan'uwa ɗalibai wani littafi daga adabin Amurka, watau Walden na Henry David Thoreau, wanda aka buga a birnin Boston cikin 1854, tare da falsafar da ta haife shi. Littafin bayani ne na shekara biyu da wata biyu da kwana biyu waɗanda marubucin ya yi shi kaɗai a wani ɗaki da ya gina da hannunsa a bakin tafki, yana noman wakensa yana gasa gurasarsa. Duk ɗalibin Hausa da ya ji wannan, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne zuhudu, domin mun saba da jigon gudun duniya a cikin waƙoƙin wa'azi na ƙarni na 19. A ganina an yi gaggawa idan aka tsaya a nan. Abin da Thoreau ya je yi a bakin tafkin ya fi kama da aikin akanta bisa ga aikin waliyyi. Ya je ne ya gano abin da rayuwa take ci wa mutum, da nawa ne daga cikin kwanakinsa yake biya kafin ya sami ci da sha da sutura da wurin kwana, da kuma abin da ya kamata ya yi da sauran kwanakin idan ya rage su. Wannan tambaya ba ta tsufa ba, kuma ta shafi duk wanda ke shirin fita daga jami'a ya kama aikin albashi.

Asalin falsafar

Kafin mu isa tafkin, ya kamata mu san mutanen da Thoreau ya tashi a cikinsu. Garinsu Concord ƙaramin gari ne na mutum wajen 2,000, kimanin mil 20 yamma da Boston a jihar Massachusetts. A nan ne Ralph Waldo Emerson (1803–1882) ya zauna tun daga 1834. Emerson limamin coci ne a Boston, na ɗarikar nan ta Kirista da ba ta yarda da aƙidar Allah uku-cikin-ɗaya ba. A 1832 ya ajiye limancin saboda zuciyarsa ta daina natsuwa da bayar da Jibin Ubangiji, ya tafi Turai, inda ya gana da marubutan Birtaniya irin su Coleridge da Wordsworth da Carlyle. Bayan ya komo ne ya fitar da ɗan littafinsa a kan halitta cikin 1836, kuma a wannan shekara shi da wasu abokansa, yawancinsu limamai matasa, suka fara taruwa suna tattauna al'amuran addini da falsafa. Sun yi mujalla mai suna The Dial daga 1840 zuwa 1844, wadda Margaret Fuller ta fara riƙe editancinta.

Sunan da aka laƙaba wa tafarkin nasu ya samo asali ne daga kalmar da ke nufin hawa a wuce, saboda haka a wannan maƙala za a kira shi falsafar ƙetare zahiri. Abin da suka yi wa tawaye shi ne koyarwar John Locke, wadda ita ake karantarwa a Harvard a zamaninsu, cewa zuciyar ɗan Adam tamkar wankakken allo take, babu abin da ke hawa kanta sai abin da ya shigo ta ido da kunne da sauran gaɓoɓi. Malaman ɗarikarsu sun gina addini a kan wannan, suka ce hujjar gaskiyar Kiristanci ita ce mu'ujizojin da aka ruwaito, tun da mutane sun gani da idonsu. Su Emerson suka ce idan haka ne addini ya zama labarin abin da ya faru ga wasu mutane a wata ƙasa tun da daɗewa. Suka ari wani ra'ayi na Bajamushen nan Immanuel Kant, galibi ta hannun Coleridge, cewa akwai sanin da hankali ke zuwa da shi wanda ba gaɓoɓi suka kawo ba. Sai dai sun kai maganar inda Kant bai kai ta ba. A wurinsu kowane mutum yana da wani haske a baɗininsa wanda ke haɗe da Ruhi guda da ya game dukkan halitta, kuma yana iya riskar gaskiya kai tsaye ba sai ta hannun limami ko littafi ba. Daji da kogi da tsuntsaye kuwa alamomi ne da ke nuni ga wannan Ruhi. Da Emerson ya faɗi irin wannan magana a gaban ɗaliban tauhidi na Harvard a 1838, sai da aka yi kusan shekara 30 ba a sake gayyatarsa ya yi jawabi a wurin ba.

Daga nan ne maƙalarsa ta dogaro da kai ta fito a 1841. Mai karatu ya lura, abin da Emerson yake nufi da dogaro da kai ya bambanta da yadda muke amfani da kalmar yau wajen maganar sana'a da neman abin kai. Nufinsa mutum ya amince da hukuncin zuciyarsa ko da ya saɓa wa na jama'a, ya daina ara wa kansa ra'ayi don tsoron abin da za a ce, kada kuma ya ji nauyin sauya maganar da ya yi jiya idan yau ya ga ba haka take ba. Akwai tambayar da dole a yi masa, an kuma yi masa ita tun yana saurayi: ta yaya mutum zai rarrabe wannan murya da wasiwasin Shaiɗan ko son zuciya? Amsar da ya bayar cikin maƙalar ita ce shi bai ga alamar daga can take ba, in ma daga can ɗin take to ita zai bi. Wannan amsa ta mai ƙarfin hali ce, amma ba ta warware komai ba, kuma nan ne raunin falsafar baki ɗaya.

Lissafin da aka yi a bakin tafki

Emerson mai magana ne. Wanda ya ɗauki maganar ya gwada ta da jikinsa shi ne Thoreau. An haife shi a Concord ran 12 ga Yuli 1817, mahaifinsa yana da ƙaramar masana'antar fensir. Ya gama Harvard a 1837, shekarar da bankuna suka karye a Amurka aiki ya yi wuya. Ya sami aikin koyarwa a makarantar gari, amma da aka matsa masa ya riƙa dukan yara sai ya ajiye aikin bayan mako biyu kacal. Shi da wansa John suka buɗe tasu makarantar, suka riƙe ta har 1841. A farkon 1842 John ya yanke da aska, ciwon nan mai sandarar da jiki ya ɗaure muƙamuƙi ya kama shi, ya rasu a hannun ƙanen nasa. Ɗaya daga cikin dalilan zuwan Thoreau tafkin shi ne ya sami natsuwar rubuta littafi a kan wata tafiya da suka yi shi da John cikin kwalekwale a 1839. Ke nan akwai makoki a ƙarƙashin wannan zama, ko da yake littafin Walden bai fito da shi fili ba.

A ƙarshen Maris 1845 ya ari gatari ya shiga sarar itace a wani fili da Emerson ya saya a bakin tafkin, kimanin mil ɗaya da rabi kudu da gari. Ya sayi wata tsohuwar bukka ta wani leburan reluwe a kan dala 4 da santi 25 don ya yi amfani da katakonta. Ɗakin da ya gina faɗinsa ƙafa 10, tsawonsa ƙafa 15, ya kuma tare a ciki ran 4 ga Yuli, ranar da Amurka ke bikin samun 'yancin kai. Kayan ɗakin ba su wuce gado da tebur da teburin rubutu da kujeru uku da 'yan tarkacen girki ba.

Babin farko na littafin, wanda ya fi kowane babi tsawo, a kan tattalin arziki yake, kuma cike yake da alƙaluma. Ginin ɗakin ya ci dala 28 da santi 12 da rabi, alhali ɗalibi a Harvard yana biyan dala 30 kowace shekara kuɗin hayar ɗakin da bai fi wannan da yawa ba. Abincinsa na wata takwas, wanda yawancinsa shinkafa ce da garin masara da makamantansu, ya ci dala 8 da santi 74. Ya nome wajen eka biyu da rabi, galibi wake, da ɗan dankali da masara, ya sayar da amfanin gonar a kan dala 23 da santi 44. Wanda ya bi lissafin zuwa ƙarshe zai ga wani abin da masu yabon littafin ba su cika faɗi ba, watau abin da ya kashe ya kusa dala 62, abin da ya shigo kuwa, har da ladan ƙwadagon da ya yi wa mutane, bai kai dala 37 ba. Giɓin dala 25 da 'yan kai da ɗan abin da ya zo da shi ya cike shi. Shi da kansa ya rubuta haka bai ɓoye ba, ya ce abin da ya samu a madadin kuɗin shi ne ɗaki nasa na kansa da hutu da lafiya.

To, me ya sa mai falsafa zai cika littafinsa da farashin ƙusa da na gishiri? Wani ɓangare dai ba'a ce yake yi wa mutanen garinsu, waɗanda ba su san wata hujja ba sai ta littafin ciniki, sai ya zo musu da harshen da suke ji. Amma akwai gaskiyar magana a ciki. Ra'ayinsa shi ne farashin abu na haƙiƙa ba kuɗin da aka rubuta a jikinsa ba ne, yawan rayuwar da mutum ya bayar ne kafin ya mallake shi. Lebura a lokacin yana samun kimanin dala guda a yini. Matsakaicin gida a yankin yana kai dala 800, watau shekara 10 zuwa 15 na rayuwar lebura. Manoman Concord da ake yi wa kallon masu hali sukan shafe shekara 20 ko 30 ko 40 suna biyan bashin gonakin da suka gada da jingina a kansu. Wa ya mallaki wani ke nan, manomin ko gonar? Misalin da ya fi burge ni shi ne na jirgin ƙasa. An shimfiɗa dogo ta gefen tafkin a 1844, kuma wani ya ba shi shawara ya hau jirgi ya je Fitchburg ya buɗe ido. Tafiyar mil 30 ce, kuɗin jirgi santi 90, kusan ladan yini guda. Sai ya ce idan shi ya kama hanya da ƙafa da safe zai isa kafin dare, abokin nasa kuwa zai yini yana aikin neman kuɗin jirgi, ya iso gobe ko kuwa can da dare in ya yi sa'ar samun aikin da wuri. Wanda ya fi sauri a cikinsu shi ne mai tafiya ƙasa, ga shi kuma ya ga ƙasar da ya ratsa.

Da irin wannan awo ya riƙa bin kowane abu. Akwai wasu 'yan duwatsu uku da ya ajiye a kan tebur don ado, da ya ga kullum sai ya kaɗe musu ƙura sai ya jefar da su ta taga. Wata mata ta ba shi kyautar tabarmar goge ƙafa, ya ƙi karɓa don ba shi da lokacin kakkaɓe ta. Sakamakon da ya fitar daga gwajin shi ne aikin mako shida a shekara ya isa ya ɗauke masa dukkan bukatunsa, sauran makonnin nasa ne na karatu da rubutu da yawo a daji.

Tsakaninsa da zuhudu

Kamannin da ɗalibin Hausa yake gani ba mafarki yake yi ba. Emerson ya karanta mawaƙan Farisa, Hafizu da Sa'adi, ta cikin fassarar Jamusanci, ya yi rubutu a kansu, shi kuma Thoreau ya rufe babinsa na farko da wani misali da ya ciro daga Gulistan na Sa'adi. Wadatar zuci da rage bukata da ƙin tara abin da ba za a ci ba, duk mun san su. Abin sha'awa ma, shekarar da aka haifi Thoreau ita ce shekarar da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya rasu a Sakkwato, wanda aka ruwaito cewa da tufkar igiya yake ciyar da kansa.

Amma idan aka duba dalili sai hanya ta rabu. A waƙoƙinmu na wa'azi duniya mayaudariya ce, sau da yawa ana siffanta ta da tsohuwar karuwa wadda ta yi kwalliya tana kashe mazanta ɗaya bayan ɗaya. Ana guje mata ne don kabari da hisabi suna gaba, abin da aka bari a nan ana sa ran samun wanda ya fi shi a can. Thoreau bai ɗauki duniya a kan maƙiyiya ba. Ƙaunarta yake yi, yana iya shafe safiya guda zaune a bakin ƙofa yana sauraren tsuntsaye, yana iya kwanciya rub da ciki a kan ƙanƙara yana leƙen ƙasan ruwa. Kukansa shi ne mutane suna mutuwa ba su ɗanɗani duniyar ba, saboda sun ƙarar da kwanakinsu wajen biyan kuɗin labule da kujerun da ba su da lokacin zama a kai. Lahira ba ta da wani gurbi a lissafinsa. Har wa yau, mai zuhudu a wurinmu yana tafiya ne cikin shari'a, in kuwa ɗan ɗarika ne yana da shaihin da ke yi masa tarbiyya, kuma abin da ake koya masa shi ne ya tuhumci ransa ya dogara ga Allah. Su masu ƙetare zahiri sun ce dogaro da kai shi ne dogaro ga Allah, tun da hasken da ke cikin mutum daga gare Shi yake, amma sun cire shaihi sun cire nassi, suka bar mutum da zuciyarsa ita ce alƙali ita ce shaida. Wanda ya fassara Walden da kalmomin zuhudu ba tare da ya nuna wannan bambanci ba ya ɓatar da mai karatunsa.

Zargin da ake yi masa

Tun ba a daɗe da rasuwarsa ba aka fara sukarsa. James Russell Lowell a 1865 ya nuna cewa mutumin da ke da'awar ya rabu da jama'a a filin wani ya zauna, da gatarin wani ya yi sara. Bahaushe ma ya ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Gaskiya ne kuma kusan kowace rana ko bayan kwana biyu yana shiga gari, yakan ci abinci a gidajen mutane, ana yi masa wanki da ɗinki a waje, abokai ne kuma suka taya shi ɗaga ginshiƙan ɗakin. Har yau akwai masu ganin wannan ya isa ya rushe littafin.

Ni ban ga haka ba. Da farko duk waɗannan abubuwa shi ne ya faɗe su a cikin littafin, daga aron gatarin har zuwa wankin, akwai ma babi guda a kan baƙin da ke ziyartarsa da wani a kan zuwansa gari. Bai ce ya shiga ƙungurmin daji ba. Sa'an nan, kamar yadda aka nuna a baya, dogaro da kai a wannan falsafa magana ce ta hukuncin zuciya, ba ta hana aron gatari ba. Inda ya kamata a jarraba shi shi ne ranar da zuciyarsa ta saɓa da hukuma, kuma wannan rana ta zo yana zaune a bakin tafkin.

A watan Yuli 1846 ya shigo gari karɓar takalminsa a wurin mai gyara, sai ɗan sandan gari ya tsare shi saboda ya yi shekaru bai biya harajin kai ba. Dalilinsa shi ne ba zai ba da kuɗinsa ga gwamnatin da ta halatta bauta ba, ga shi kuma a wannan shekara ta shiga yaƙi da Meziko, yaƙin da masu adawa da bauta suke ganin an tayar da shi ne don a ƙara yankunan da za a kai bayi. Kwana ɗaya ya yi a kurkuku, wani ya biya masa ba da son ransa ba, aka sallame shi da safe. Abin ƙarami ne, amma daga gare shi ne laccar da ya yi a 1848 ta fito, aka buga ta a 1849, ita ce maƙalar nan ta ƙin bin dokar zalunci cikin lumana wadda Gandhi ya karanta a Afirka ta Kudu ya buga sassanta a jaridarsa a 1907, Martin Luther King kuma ya karanta yana ɗalibi. A cikinta Thoreau ya faɗi abin da ya haɗa tafkin da kurkukun. Ya ce ya lura maƙwabtansa da yawa sun san bauta zalunci ce, amma ba za su iya ƙin biyan haraji ba don suna tsoron a ƙwace musu dukiya a tagayyara iyalinsu. Yawan abin hannu shi ne igiyar da hukuma take riƙe mutum da ita. Wanda bukatarsa ba ta wuce aikin mako shida ba, ba shi da abin da za a yi masa barazana da shi sai jikinsa. Bayan dokar kama gudaddun bayi ta 1850 ya taimaka wa waɗanda suka tsere su kai Kanada, gidan mahaifiyarsa ma mafaka ce gare su, a 1859 kuma ya fito fili ya kare John Brown lokacin da yawancin mutane suke kiransa mahaukaci. Mai gudun duniya ba ya shiga irin wannan rigima.

Inda lissafin ya gaza

Raunin littafin na gaskiya yana wani wuri dabam. Wata rana ruwan sama ya kora shi cikin bukkar wani lebura mutumin Ailan mai suna John Field, wanda ke zaune da matarsa da 'ya'yansa a ɗaki mai yoyo, yana kaftun fadama a kan dala 10 kowace eka. Thoreau ya zauna ya yi masa wa'azi: da zai bar shayi da gahawa da man shanu da nama da bai bukaci yin aiki mai tsanani ba, da bai yi aiki mai tsanani ba da bai bukaci cin abinci mai yawa ba. Da mutumin da matarsa suka yi shiru suna kallonsa, sai ya yanke hukuncin cewa talauci a jininsu yake. Wannan shafi yana da wuyar karantawa. Mai maganar gwauro ne, ba shi da bakin da zai ciyar sai nasa, yana da ilimin Harvard da sana'ar fensir da ta safiyo, filin da yake kai ba ya biyan haya, kuma duk ranar da ya gaji gidan uwarsa na nan tafiyar rabin awa. Shi kuwa John Field baƙo ne, daga ƙasar da yunwa ta fara yi wa kisan kiyashi tun daga 1845, kuma nama da shayin da ake ce masa ya bari su ne abin da ya ƙetare teku yana nema. Talaucin da mutum ya zaɓa, yana iya ajiye shi ran da ya ga dama, dabam yake da wanda aka haife shi a ciki.

Abin mamaki, a wani babin Thoreau ya nuna ya san wannan. Ya bi kufan mutanen da suka riga shi zama a dajin Walden, ya ambaci sunayensu, cikinsu har da Brister Freeman da Cato Ingraham da wata mata mai kaɗin zare da ake kira Zilpha. Baƙaƙen fata ne, tsofaffin bayi, waɗanda bayan bauta ta ƙare a Massachusetts ba su sami wurin zama ba sai wannan ƙasa mai yashi da ba wanda yake so. Sun yi irin rayuwar da ya yi shekaru da dama kafin shi, ba wanda ya kira ta falsafa. Ya yi maganarsu da tausayi da girmamawa, amma bai koma ya sake duba alƙalumansa saboda su ba.

Zubin littafin da abin da ya biyo baya

Game da zubi, ya kamata manazarci ya sani cewa Walden ba littafin ajiye labarin yau da gobe ba ne. Ya bar tafkin ran 6 ga Satumba 1847, amma sai da ya yi shekara bakwai yana sake rubutun, har sau bakwai, ya dunƙule shekaru biyun suka zama guda a cikin babi 18, daga bazara zuwa hunturu zuwa lokacin da ƙanƙara ke narkewa tsiro ya fito. Saboda haka mai maganar da ke cikin littafin tauraro ne da marubuci ya ƙera, kamar yadda mawaƙi ke ƙera kansa a cikin waƙa. Halinsa na awo bai bar shi ba ko a wuraren da ya fi zurfafa. Mutanen gari sun daɗe suna cewa tafkin ba shi da ƙasa. A farkon 1846, tafkin yana daskare, ya huda ƙanƙara a wurare da yawa ya zura igiya da dutse, ya gano zurfinsa ƙafa 102 ne, ya zana taswirarsa ya sa a littafin, sa'an nan ya juya ya mai da awon misali na yadda za a auna zurfin halin mutum.

Bai yi kasuwa ba a rayuwarsa. Littafin da ya rubuta don tunawa da wansa ya fito a 1849, aka buga kwafi 1,000, aka komo masa da 706 ya jibge a ɗakinsa. Walden kuwa kwafi 2,000 ne, sai da suka shekara biyar kafin su ƙare. Ya koma gidan iyayensa yana aikin fensir da safiyo, ya rasu da tarin fuka ran 6 ga Mayu 1862 yana da shekara 44. A jawabin jana'izarsa Emerson ya nuna takaicin cewa mutum mai irin wannan baiwa bai nemi shugabanci ba, ya ƙare a jagorancin masu ɗiban 'ya'yan itace a daji.

Abin da Emerson ya ɗauka ɓata lokaci ne shi ne yawon da Thoreau yake yi kullum da littafin aljihu. A shekarun 1850 ya riƙa rubuta ranar da kowane irin tsiro ya fara fure a Concord, ɗaruruwan iri, shekara bayan shekara. A farkon ƙarni na 21 Richard Primack na Jami'ar Boston da abokan aikinsa suka ɗauki waɗannan jadawali suka bi sawunsa a wuraren da ya bi. Suka tarar saboda ɗumamar yanayi tsirrai da yawa suna fure kimanin mako guda ko fiye kafin ranakun da ya rubuta, kuma wajen kashi ɗaya cikin huɗu na ire-iren furannin da ya lissafta ba a ƙara ganinsu a Concord ba.